Hotunan Baba Malam Sun Fito Kai a Ƙasa

Assalamu alaikum Anti Madina. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana tara ke nan abincin da nake aika wa surukina yana dawowa yadda na zuba shi, ko murfin ba a buɗe ba.

Ni matar aure ce a cikin garin Daura, shekarata goma sha ɗaya a ɗakina. Mahaifin maigidana malami ne, Baba Malam muke ce masa. Tun rasuwar Inna, matarsa, ni nake dama masa kunun safe, ni nake tuƙa masa tuwo, don ya ce miyar kukata ce kaɗai ba ta tayar masa da ƙwannafi. Ni bahaguwa ce, Anti. Da aka kawo ni dangin miji sun yi ta ƙananan maganganu a kan hannun da nake riƙe muciya da shi, shi ne ya tsawatar, ya ce Allah ne ya halicci hannayen biyu. Na faɗi wannan ne don ki san matsayinsa a wurina.

Bana Allah ya nufe shi da sauke farali. Ranar da ya dawo, gida ya cika maƙil, 'yan'uwa daga Sandamu, wasu tun daga Kongolam. Don murna na yi ta ɗaukarsa hoto da wayata yana raba dabino da zamzam. Maigidana ma ya ɗauka da tasa. Juma'ar da ta zagayo maigidan nawa ya haɗa hotunan duka a filashi, ɗan abin nan na ajiyar hotuna, bayan an sauko daga masallaci ya soka a tsohuwar talabijin ɗin falon Baba don baƙi su gani. Mu mata muna leƙe daga bakin ƙofa.

Hotunan maigidana suka wuce lafiya lau. Da aka zo kan nawa, innalillahi, sai ga Baba Malam kai a ƙasa, ƙafafu a sama, rawaninsa a inda darduma ya kamata ta kasance. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, goma sha huɗu, kowanne a kife, a gaban abokansa malamai. Wani dattijo ya kama salati. Ni kuwa nan take na ciro wayata na nuna musu, ga hotunan nan a tsaye ƙalau. Ashe ƙara wa kaina na yi. Yayar maigidana, Yaya Murjanatu, ta ce abin da ya fi ba ta tsoro ke nan, hoto a hannuna daidai, da ya bar hannuna sai ya kife.

Bayan kwana uku Baba ya miƙe daga alwala, jiri ya ɗebe shi ya faɗi. Shi ke nan, magana ta zagaye dangi wai na kai hotonsa wurin boka an kife shi. Ni? Baba Malam? Me zan nema a wurinsa da bai ba ni ba? Yaya Murjanatu ta tare a gidan Baba, ta hana a shigar masa da kwanona, ana ta turare da tofi. An ce min ya rame, ba ya cin abin kirki. Maigidana ya ce ya san ban yi ba, amma in na tambaye shi to me ya kife hotunan, sai ya yi shiru. Shirun nan ya fi surutun dangi yi min ciwo. Ni kaina na fara tsoron wayar, na cusa ta ƙasan akwati. Ko wani ne ya yi min ture ta cikinta? In goge hotunan ne, ko in tafi gidanmu har ƙura ta lafa?

Taki cikin ruɗani,
Bahaguwar Daura

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na girgiza da karanta wasiƙarki, ba don hotunan ba, sai don an bar dattijo da jiri kwana da kwanaki ana tuhumar waya. Mu fara da shi: yau ɗin nan maigidanki ya kai Baba asibiti a auna jininsa. Tsoho ne da ya sha wahalar aikin Hajji, ga shi kuma ba ya cin abinci. Addu'a ba ta hana ganin likita.

Amsar hotunan kuwa tana cikin wasiƙarki. Waya tana ajiye hoto ne yadda aka riƙe ta, sannan ta liƙa masa wata ɓoyayyiyar alama mai nuna gefen da yake sama. Wayarki tana karanta alamar, sai ta miƙar miki da hoton. Tsofaffin talabijin da yawa ba sa karantawa, sai su nuna shi yadda aka ɗauka. Zatona, da kika kwantar da wayar don ɗaukar hoto mai faɗi, kin juya ta ɓangaren da ya yi wa hagunki daɗi, akasin yadda maigidanki ke juya tasa. Iyakar bokan ke nan.

Kada ki goge komai, kada kuma ki gyara tukuna, don in suka ga hotunan sun miƙe haka kawai, cewa za a yi kin karya asirin. Gidanku ma ba yanzu ba, tafiyarki za ta zama kamar amsa laifi. Ki fara nuna wa maigidanki. Ya ɗauke ki hoto biyu da wayarki a kwance, ɗaya yadda ya saba riƙewa, ɗaya yadda kike riƙewa, a sa a talabijin ɗin nan. Zai gan ki a tsaye, ya gan ki a kife. Daga nan aikinsa ne, ba naki ba, ya maimaita wannan a gaban yayarsa, ita ma ta ɗauka da hannunta. Shirunsa ya isa haka.

Bayan sun gani sai ki gyara. Ki buɗe kowane hoto a wurin gyaran hotuna na wayar, ki ɗan datse gefensa kaɗan, ki ajiye shi a matsayin sabo. Galibi sabon yakan fito a tsaye ko a wace na'ura. Ki gwada da guda ɗaya tukuna, na asalin kuma ki bar su.

Yaya Murjanatu ta zalunce ki, zargin sihiri ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata ta nemi gafararki. Amma ki tuna ta rasa uwa, ta ga uba a ƙasa, tsoro ya rufe mata ido. Kada ki yi mata dariya ranar da nata hoton ya kife. Ki kuma roƙi maigidanki ya shigar da ke ki gaida Baba. Ban ga inda kika ce shi ya mayar da kwanon ba, wataƙila ma bai san kina aikowa ba.

Gobe ki tuƙa tuwon nan da hagunki yadda kika saba, ki kaɗa miyar kuka. Allah ya ba Baba Malam lafiya, ya wanke ki a idon dangi, ya sa kwanon ya dawo miki wayam.

Anti Madina