Ɗan da Aka Ce Ya Mutu

Kano, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Gwaggona Mero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Baba, da ɗaliban Islamiyya. Yaya ciwon ƙafar? Tun da aka datse layin waya a Safana ban ji muryar kowa ba, shi ya sa na ba Sahabi direba wannan takarda. Ki karanta ke kaɗai.

Kin san yadda Baba yake alfahari da cewa kakanninmu malamai ne daga Borno. Da nake kwas a Ingila na so in kawo masa shaida, sai na yi gwajin ƙwayar halitta. Miyau ake tofawa a 'yar kwalba a aika, su faɗa wa mutum asalin jininsa, da danginsa cikin waɗanda suka taɓa yin gwajin. Sakamakon ya zo watan jiya. Babu Borno a ciki, Gwaggo. Sun ce rabin jinina na Fulani ne, kuma sun haɗa ni da wani Tayyib Haliru da ke karatun likitan dabbobi a can, wai 'ya'yan wa da ƙani muke.

Mun yi waya. Ɗan wata ruga ne kusa da Darini. Ya ce kakarsa Saude tana raye, kuma ɗanta na fari ya mutu a Safana shekarar agana, amma ba ta taɓa ganin kabarinsa ba. Cikin ruɗewa na faɗa masa sunan Baba da unguwarmu. Ya sanar da gidansu kafin a datse layi. Sai daga baya ya gaya mini yana da wani baffa, Bashir, wanda ya shiga daji da bindiga shekara huɗu ke nan.

Abinci ma ba na iya ci. Don Allah ki faɗa mini injinsu ne ya yi kuskure.

'Yarki,
Naja'atu

Safana, 19 ga Satumba

Naja'atu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Na karanta takardarki na sa ta a murhu.

Injin bai yi kuskure ba. Ina da shekara bakwai lokacin. Inna ta haifi namiji ya koma a kwana na biyar. A makon ne wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta shigo jikinta duk ƙuraje, ta ajiye jaririnta a cinyar Inna, ta ce a riƙe mata shi kada ya ɗauka. Bayan wata huɗu ta dawo, ta warke. Ina tsakar gida ina tsince gero na ji Inna ta ce mata, "Allah ya yi masa rasuwa, ki yi haƙuri." Yaron kuwa yana ɗaki yana barci. Matar ta zauna a ƙofar zaure har la'asar, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Inna ta sa na rantse. Ubanki bai san komai ba.

Yanzu ki ji abin da kika jawo. Shekaranjiya wani dogo mai rawani ya tsaya wajen masu gyaran babur yana tambayar gidan Malam Mahmudu. Bai shigo ba, ya dubi ƙofar ya wuce. Mutane sun gan shi. Kin daɗe a birni, ba ki san yadda garin ya koma ba. Makon jiya 'yan sa-kai suka ɗauke wani mai kayan miya a Zakka don an ga ya gaisa da makiyayi, har yau matarsa tana jira. Idan aka ji ubanki, limamin unguwa, wan ɗan bindiga ne, wa zai tsaya sauraron bayanin miyau?

Kada ki ƙara magana da yaron nan. Ki gaida maigidanki.

Gwaggonki,
Mero

Kano, 24 ga Satumba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Na saɓa miki, na kira Tayyib, don in san wane ne mai rawanin. Shi ma bai sani ba. Ya ce zai iya zama mahaifinsa Haliru, mutum ne mai salla wanda ya rasa shanunsa duka a hannun ɓarayin dajin. Zai kuma iya zama ɗan aiken Bashir. Na tambaye shi me Bashir zai yi idan ya gane an yi wa uwarsa ƙarya shekara sittin. Sai ya ce, "Ban san shi ba yanzu."

Wani ɗan garinsu da ya fito Katsina ya gaya masa tsohuwar ba ta da lafiya, an kawo ta gidan wata 'yarta a Batsari. Tun da ta ji labarin take tambaya ko an je Safana.

Gwaggo, ki ce wa Baba ni ce ba lafiya, ko ki ce komai ma, ku biyo Sahabi ku taho Kano. Ɗaki yana nan. Kada ku jira kasuwa ta ci.

'Yarki mai laifi,
Naja'atu

Safana, 2 ga Oktoba

Naja'atu,

Salama. Ban yi masa ƙarya ba, wadda aka yi a gidan nan ta isa. Ranar Laraba bayan ya tashi daga karatun safe na kira shi ɗakina na faɗa masa duka. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, "Yaya Mero, tana nan da rai?" Na ce haka aka ce. Na roƙe shi mu tafi Kano. Ya ce, "Na yi shekara talatin ina koya wa yara haƙƙin uwa."

Ranar Alhamis da hantsi mai rawanin ya dawo. Wannan karon ya yi sallama. Da ubanki ya fita na leƙa ta katanga. Goshinsu ɗaya, tsayuwarsu ɗaya. Bai faɗi sunansa na ji ba. Ubanki ya shigo ya ɗauki carbi da hula, ya hau bayan babur ɗin mutumin, rabin unguwa suna kallo.

Da azahar shugaban 'yan sa-kai ya zo da mutum uku. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Hajiya, wane baƙo Malam ya yi?" Na ce mai neman addu'a ne. Ya ce, "To, idan ya dawo muna son ganinsa." Sun bar ɗaya zaune a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida.

Yau kwana uku. Sahabi ya zaga tashar Batsari, babu wanda ya gan shi. Ɗalibai sun daina zuwa. Ban sani ba ko in roƙi Allah ya dawo da shi ko ya tsare shi can.

Ki yi addu'a.

Mero

Batsari, 6 ga Oktoba

'Yata Naja'atu,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina raye. Haliru ne ya zo ya ɗauke ni, ƙanena ne. Ki aika wa gwaggonki saƙon baka ta wurin Sahabi, ni ba zan iya rubuta mata ba, ana duba takardun da ke shiga Safana.

Na sami mahaifiyata. Idonta ya tafi. Ta shafa fuskata tun daga goshi har gemu, ta kira ni Dikko, na amsa. Ba ta tambayi wanda ya yi mata ƙarya ba, ni ma ban faɗa ba. Ni nake ba ta kunu.

Bashir ya aiko yana son ganina. Ban ba da amsa ba tukuna. Gida kuma ban san ranar komawa ba.

Ban yi fushi da ke ba. Kada ki zo.

Mahaifinki,
Mahmudu