Ranar da Aka Sare Itatuwan Gonar Baba

Getso, Gwarzo.

Zuwa ga Yayana Zayyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal, kai da Yaya Bushira da yara. Allah ya sa albarka a nemanka, ya tsare ka a duk inda ka sa ƙafa. Mu ma nan alhamdu lillahi. Inna ta ji sauƙin ciwon ƙafar, har tana fita tsakar gida da kanta. 'Yar'uwarmu Rukayya ta sauka lafiya, an sami namiji, an mayar da sunan Baba. Na ba Ɗanladi direba, mai kai shanu Kudu, wannan takarda ya kawo maka, domin sau biyar ina kiran wayarka ba ka ɗauka ba, kuma abin da ke raina ya fi ƙarfin waya.

Yaya, shekara uku rabonka da gida, don haka bari in gaya maka yadda muke. Zafin bazarar bana ko Inna ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Kajina bakwai suka mutu a sati ɗaya, ba ciwo ba komai, baki kawai suka buɗe suka faɗi. Rijiyar ƙofar gida sau biyu ana ƙara mata igiya, yanzu taɓo guga yake ɗebowa. Daminar bara kuwa ruwa ya yaudare mu. Ya sauko da wuri muka yi shuka, ya ɗauke kwana ashirin da huɗu, shuka ta ƙone, muka sake. Da kaka ta yi, geron da ya yi kai na kirki shi ne wanda ke ƙarƙashin gawo, inda ƙasa ke riƙe laima. Shi muke ci har yau. Da rani kuma 'ya'yan gawon nan su suka riƙe mana tumaki, kalwar ɗorawa ita nake daddawa da ita tun da mijina ya rasu na dawo gida.

Ka tuna ranar sadakar bakwai ta Baba? A zaure ka tara mu, gaban ƙaninsa Baffa Sajo, ka ce gona tana hannunka amana a matsayinka na babba, amma muddin kana numfashi ba wanda zai ɗora gatari a kan itatuwan nan. Kai da bakinka ka maimaita abin da Baba yake faɗa, cewa da kakanmu ya daina yawon kiwo ya zauna a nan, itatuwan nan ya fara rainon su kafin ya gina ɗaki. Na yarda da kai, Yaya. Ko da masu gawayi suka cinye itatuwan gonakin Madadi suka nufo wajenmu, maƙwabta suna fargaba, ni ina bugun ƙirji ina cewa tamu gonar tana da mai ita.

Ranar Talata, sati uku ke nan, na tafi da hantsi in duba ko ɗorawa ta isa kaɗa. Tun daga nesa na ji kukan inji. Da na ƙarasa, na tarar da masu gawayi a gonarmu, ga ɗorawa uku a ƙasa da 'ya'yansu a jiki, gawo huɗu an riga an daddatsa. Na yi ihu na ce ɓarayi. Shugabansu, wani dattijo mai furfura, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce in yi haƙuri, su ba ɓarayi ba ne, mai gona ne ya sallama musu. Na ce ƙarya yake yi. Sai ya ciro waya ya kunna mini saƙon murya. Muryarka ce, Yaya. Na ji kana cewa gonar ta riga ta mutu, damina ba ta da tabbas kuma, gara a amfana da itacen kafin fari ya busar da shi a banza. Har ka ce su shiga ta bayan gari, kada mata su gani su tayar da hankali. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi yi mini ciwo. Ashe ka san za mu ji zafi, shi ya sa ka zaɓi hanyar da ba za mu gani ba. Gaskiyar masu magana, da ɗan gari akan ci gari.

Washegari na hau mota zuwa Durun wajen Baffa Sajo. Ya ce ka kira shi tun kafin azumi ka nemi yardarsa, ya hana ka, ya ɗauka maganar ta mutu. Ya ce wataƙila rayuwa ce ta matse ka a can, kada in yanke maka hukunci. Na san zaman Kudu ba sauƙi, kuma ban manta ɗawainiyar da kake yi da mu ba. Amma da ka faɗa mini matsuwarka, wallahi da tumakina zan sayar in aiko maka. Tunkiya a shekara take haihuwa. Gawo kuwa, wanda ya raine shi ba lalle ya sha inuwarsa ba. Kai kana jin labarin fari a rediyo, mu a cikinsa muke kwana muke tashi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na so in ɓoye wa Inna, amma hayaƙin ramin gawayi kwana huɗu yana shigowa har cikin gida. Da ta matsa na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi maka baki ba. Cewa kawai ta yi in daina, kada in ƙara ambaton sunanka a cikin maganar, domin ba ta so zuciyarta ta riƙe ka da wani abu. Buhun shinkafar da ka aiko a satin yana nan a jingine, ta hana a kwance bakinsa.

Saura gawo biyu da tsamiyar bakin iyaka. Mutanen sun ce suna cikin cinikin, za su dawo bayan Sallah. Na je wajen mai unguwa tare da Baffa, na shaida masa ni da Rukayya da Inna muna da haƙƙi a gonar nan, kuma ba mu yarda ba. Ya ce zai tsayar da su, amma kalmarka ce za ta kashe maganar. Don haka ina roƙonka, don Allah, ka kira su kamar yadda ka kira su da farko. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kai yayana ne har gobe. Amma in ka yi shiru suka dawo, to ka sani a gindin tsamiyar nan za su same ni zaune da tabarmata, sai dai ka sake aiko musu da saƙo ka faɗa musu yadda za su yi da ni.

Ka gaishe da Yaya Bushira, da Kamila, da Muhammad Nur, da Zinnira 'yar auta. Baffa Sajo da Gwaggo suna gaishe ka. Inna ma ta ce in gaishe ka, ta ce Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Badi'a.