Inna, Na Shanya Ƙunzugu A Rana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin rahama da haske. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Yanzu ba mu Tafoki. Tun da daji ya lalace da 'yan bindiga muka tattaro muka dawo cikin garin Faskari, ɗaki ɗaya a gidan haya, tsakar gida ɗaya da mutanen da ba mu haɗa dangi ba.

Jikanyarki Hauwa'u ta girma. Makon jiya ta ga al'ada karon farko. Ta zo ta tsaya bayana ina tankaɗe, sai murza bakin hijabi take yi. Na san waɗansu masu karanta wannan za su ce ba ni da kunya. To, su ce. Da ke nake magana.

Kin tuna ranar da ni ma na zo miki haka? Kika ja ni ɗaki, kika yage tsohon zane, kika ninke shi, kika nuna mini yadda ake ƙunzugu. Sannan kika kama kunnena: "Wannan tsumma, ko rana ba ta ganin shi." Kin ce in maƙiyi ya samu, sai ya yi wa mace asiri ta daina haihuwa.

Haka na riƙe. In wanke a ɓoye, in matse, in cusa ƙarƙashin katifa. Washegari in ciro shi da danshinsa, da damina ma har da wari, in ɗaura abina. Duk matan Tafoki haka muke yi, ba wadda ta taɓa tambayar dalili.

Bayan na yi aure ƙaiƙayi ya zo, da farin ruwa. Kowa ya ce sanyi ne, wace mace ce ba ta da shi? Ke kika riƙa dafa mini bagaruwa ina shiga, ni kuma in bi da sabulu har ciki, a ganina tsafta ce. Na haifi Hauwa'u, daga nan shiru, ba wani ciki. Shekaru suna ta wucewa, shiru. Har kika bar duniya kina zargin da hannun wata a ciki.

Bayan rasuwarki ciwon mara ya kai ni asibiti a Ƙanƙara. Malamar asibitin ta auna ni, ta ce cuta ce da ake ɗauka ta kwanciyar aure, kuma ta daɗe a jikina. Ta ce dole Baban Hauwa'u ma ya sha magani. Ya sha, yana ƙunƙuni, amma dai ya sha. Inda abin ya faro ban tona ba, na bar wa Allah.

Abin da ta gaya mini bayan nan shi ya hana ni sakat. Ashe a jikin mace akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne masu gadi. Tsumma mai danshi, da yawan wanke ciki da sabulu da jiƙe-jiƙe, suna iya korarsu. Tsumman ba shi ke kawo wannan cuta ba, in ji ta, amma in ta zo ta tarar babu mai gadi, shiga take yi kai tsaye. Na tambaye ta batun haihuwa. Ta ce ciwon da ya jima yakan toshe hanya, amma Allah ne mai bayarwa.

Inna, a mota na yi kuka har Faskari. Abin da kika ji mini tsoro ya same ni, kuma babu maƙiyin da ya taɓa ganin tsummana. Wallahi ban ga laifinki ba. Abin da Kaka ta ba ki shi kika ba ni, da zuciya ɗaya.

Makon jiya kuma sai ga Hauwa'u tsaye, tana jiran abin da zan ba ta.

Audugar kanti ba kullum ake samunta ba, don haka ni ma zane na yage. Na ce ta riƙa canjawa kafin ya jiƙe sharkaf, ta wanke da sabulu, ta shanya a rana har ya bushe ƙayau. Da ta ji kalmar rana sai ta zaro ido. Ina! A wannan tsakar gida? Ga Hajiya mai gidan zaune bakin ƙofa komai a idonta, ga samari suna shiga da fita. Ta fashe da kuka, ta ce ita gara ta mutu. Halinki sak, kunya har ta yi yawa.

Na rasa yadda zan yi. Sai na buɗe akwati na ɗauko mayafinki, shuɗin nan shara-shara da kike sawa in za ki biki garin Sabuwa. Cikin kayanki shi kaɗai ya zo hannuna. Na shanya tsumman a igiya, na lulluɓe shi da mayafin. Rana tana ratsa shi, ido ba ya ratsawa. Hajiya ta yi ta kallo, ta ce wannan mayafi kullum wanki? Na ce mata e, na uwata ne.

Ki yafe mini, Innata, na saɓa wa maganarki. Mayafin ma na san koɗewa zai yi, har shuɗin ya fara haske a wajen ninki, kuma in ya tafi ba ni da wani abu naki da zan riƙa shinshina. Na yarda ya koɗe. Yarinyar nan ita kaɗai gare ni.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba Hauwa'u lafiyar da ni ban samu ba, ya nuna mini ranar da zan goya ɗanta. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Binta