Nauyin Baba a Bayan Thelma

Litinin, 4 ga Maris
Kwana goma sha biyu da binne Baba. Yau dai na daure na shiga ƙaramin kwalekwale na je duba Thelma inda take ɗaure a kogin Huon. Shekara bakwai ya yi yana sassaƙa jirgin nan a bayan gonar tuffa, ya sa mata sunan Mama. Ƙafa talatin da biyu, goshi da baya duk masu tsini, ƙashin gindinta dogo, cike da dalma. Ba ta da gudu. Baba kan ce, "Mai gudu ya riga mu zuwa, mu kuwa mu riga shi dawowa."

Akwai layin da ya tsaga da wuƙa a jikin katakon, kewaye da ita. In yana zaune a wurin sandar tuƙi, ruwa kan taɓa layin daidai. In ba kowa a ciki, bayanta kan ɗaga yatsu biyu. Tun ina yarinya da haka nake gane ko yana ciki, daga bakin gaɓa.

Yau ruwa yana kan layin. Har na buɗe baki zan kira shi.

Laraba, 6 ga Maris
Na kwashe kayansa kaf: gwangwanayen wake, tsofaffin igiyoyi, rigar ruwansa mai warin taba. Na duba cikinta, a bushe ƙayau. Bayan bai ɗaga ba.

Asabar, 9 ga Maris
Kuskurena da na gaya wa Yaya Kelvin zancen layin. Mu biyu Baba ya bar wa jirgin, kuma Yaya ya san ina shirin kai Thelma tsibirin Flinders ni kaɗai.

"Katakon baya ya sha ruwa, Desley. Ruɓewa ce. Kina tsakiyar teku gindin zai zazzage."
Na ce, "Kai da ko a baho amai kake yi, yaushe ka zama masanin jirgi?"
Bai yi dariya ba. Ya ce ya binne mutum ɗaya a bana, ya ishe shi. In ta ruɓe, zarto zai sa mata da hannunsa. Na san tsoro ne yake ji saboda ni, amma na tsane shi yau.

Talata, 12 ga Maris
An jawo Thelma tudu a wurin Kawu Merv, abokin Baba tun suna samari. Ya bi ta da guduma katako bayan katako, kunnensa manne da jikinta. "Yarinya, wannan ta fi ni lafiya." Shekarata arba'in da tara, har yanzu yarinya.

Sai da ya kai ƙarƙashin bencin tuƙi sautin ya mutu. Ya ɓalle wani allo da ban taɓa sanin yana nan ba. Curin dalma ne a jere, ƙanana, an naɗe kowanne da tsumma. A bayan allon, rubutun Baba da fensir: "Don kada ta ji babu ni. A bar su nan. 3 ga Nuwamba."

Na yi kuka a gaban Kawu Merv, ban ji kunya ba.

Laraba, 13 ga Maris
Mun ɗora su a sikelin awon tuffa. Kilo hamsin da takwas.

A Nuwamba Baba kilo saba'in da shida yake, yana hawa jigon filafilan jirgi da kansa, ba a ma gano ciwon ba. Hamsin da takwas shi ne abin da ma'aikaciyar jinya ta rubuta a takardar gadonsa ranar Juma'arsa ta ƙarshe. Ni na riƙe masa hannu a kan sikelin.

Alhamis, 14 ga Maris
Yaya ya ce magana ta zo da sauƙi. A bar dalmar a tudu, a mayar da Thelma ruwa. In bayan ya ɗaga yatsu biyu, in tafi inda nake so. In bai ɗaga ba, ruwa ne a cikin katako, ko me gudumar Kawu ta ce. Na yarda, mun tafa. Zai zo Lahadi da ƙarfe goma ya gani da idonsa.

Kawu Merv ya ja ni gefe. "Da ni ne ke, da ban taɓa abin da babanki Athol ya ce a bari ba."

Juma'a, 15 ga Maris
An mayar da Thelma ruwa da rana. Ban duba ba.

Asabar, 16 ga Maris
Na duba. Rana tsaka, kogi kwance kamar ruwa a faranti, dalmar tana can cikin rumfar Kawu, na ƙirga ta da kaina kafin in fito. Ruwa yana kan layin, bai rage ko ƙwayar gero ba.

Na zagaya ta sau uku. Da na hau, bencin tuƙi na ɓangaren dama da ɗumi. Rana ce. Amma na hagun ma ai rana ta same shi.

Lahadi, 17 ga Maris
Ƙarfe bakwai na kwance igiya. Na bar wa Yaya takarda a ƙofa: bayan ya ɗaga, sai na dawo. Ƙaryar farko da na taɓa yi masa a kan abu mai girma.

Iskar kudu maso yamma, filafilai sun cika. Da muka fita bakin kogi na saki sandar tuƙi na sauka dafa shayi. Dogon ƙashin nan yana riƙe hanya, haka aka gina ta. Ina ƙasa na ji ta karkata, ta kauce, ta koma kan hanya. Da na leƙo, wani ƙaton gungume yana wucewa ta gefenmu, rabinsa a nutse. Igiyar ruwa ce ta ture mu, ina jin.

Shayi kofi biyu na zuba, hannu ne ya saba. Na zauna a hagu, don ɓangaren dama ya yi mini matsi.