Wasiƙa Ɗaya Tak

Litinin, 3 ga Maris
Malam, wanda ya duba aikina na kammala digiri, ya ce wasiƙar shaida ɗaya yake rubuta wa kowane ɗalibi: ko ta digiri na biyu, ko ta neman aiki. "Ba na yabon mutum da baki biyu," in ji shi. Ya ba ni zuwa Jumma'ar makon gobe in zaɓa.

Laraba, 5 ga Maris
Kowa a gida ya san karatu zan ci gaba, ni na faɗa da bakina. Amma Yaya ya samo min ganawa a masana'antar famfunan ruwa. Zan je don kada ransa ya ɓaci, shi ke nan.

Litinin, 10 ga Maris
Babban injiniyansu ya ajiye famfo mai yoyo a gabana, ya ce in gano matsalarsa. Na cika masa takarda da lissafi. Ya karanta, ya ce, "Madalla. To, buɗe shi."
Shekara biyar ina zana wannan abu, ashe ban san ta inda ake kwance shi ba. Sai ƙara ɗaure noti nake, wai ni mai kwancewa. Wani dattijon makaniki ya kau da kai don kada mu haɗa ido. Da ma dariya ya yi min, da ta fi sauƙi.
Na yi kuka a banɗakinsu.

Talata, 11 ga Maris
Ba son karatu ba ne. A aji ba wanda ya taɓa ganin na kasa, shi ya sa nake liƙe masa. Tsoro ne, na faɗa.

Laraba, 12 ga Maris
Sun kira daga masana'antar. Gwajin wata shida a ƙarƙashin dattijon nan, in wasiƙar Malam ta zo. Shi ya nemi a ba shi ni, wai, "Yarinyar ba ta ajiye sifana ba sai da aka karɓe."

Alhamis, 13 ga Maris
Na kasa cin komai.

Jumma'a, 14 ga Maris
Malam ya ɗaga biro. "Wacce?"
Na ce ta masana'anta.
"Gurbinki na digiri na biyu ba zai jira ki ba, kin sani?"
Na ce na sani. Ya rubuta, ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Abin ya yi min ciwo.
Ba fasa karatu na yi ba, ɗagawa ce kawai. Haka zan gaya wa Umma.
Da na dawo dai na yanke dogayen faratana duka, don ba sa tafiya da sifana.