Awon Kuɓewar Malam

Wunti, Bauchi
3 ga Yuni

Yaya A'i,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Yasmin da yara. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi jikin maigidana. Jiki kam ya warke, tabon ma gashi ya rufe shi. Ƙwaƙwalwar Malam ce ta tsaya cak a ranar da ya ɗauki 'yarmu Lailatu a babur zai mayar da ita jami'a a Gubi, mota ta kwashe su. Abin da ya faru jiya ba ya kwana a kansa. Kullum da safe sai ya tambaye ni yaushe za ta zo hutu. Sau uku ina faɗa masa gaskiya, sau uku yana zubewa ƙasa yana kuka kamar yanzu aka shigo da gawar, washegari kuma ya sake tambaya. Sai na daina. Yanzu cewa nake suna jarrabawa. Wallahi Yaya, wata bakwai ke nan da ƙarya nake karyawa, kuma tsoron Allah ya ishe ni.

Wata ma'aikaciyar asibiti, Dorcas, ta haɗa masu irin lalurarsa a wani lambu kusa da dam ɗin Gubi, kowa da kunyoyinsa. Na so in ƙi, don hanyar nan ce fa. Rufe ido nake idan keke napep ya kawo kwanar da hatsarin ya faru, shi kuwa yana ta yaba gonakin mutane. Amma ya shuka kuɓewa, kuma hannun nan da rawa ta hana shi zura zare a allura, yana taɓa ƙasa sai ya natsu.

A gaida kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Habibatu

Wunti, Bauchi
9 ga Agusta

Yaya A'i,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, yaya damina? Saƙon man shanu ya iso, Allah ya saka da alheri.

Kin san tela ba ya rabuwa da tef ɗinsa. Duk zuwan da muka yi sai Malam ya auna kuɓewar, ya rubuta awon da kwanan wata a jikin wata gora da ya kafa. Dorcas ta ce a bar shi. Har tsokanarsa abokan lambun suke yi, wai riga zai ɗinka mata.

Ranar Talata ya je aunawa, sai ya tsaya yana bin gorar da yatsa tun daga ƙasa. Rubutunsa ne, ya gane shi. Inci biyu, inci tara, har zuwa ƙirjinsa, ga 'ya'ya sun fito. Ya daɗe a tsaye. Da ya juyo bai ɗaga murya ba.

"Habibatu, wata biyu ina zuwa nan, makarantarta ga ta can, ba ta taɓa leƙo ni ba. Ba jarrabawa take ba, ko?"

Na faɗa masa. Bai faɗi ba. Ya karɓi alƙalami ya rubuta a tafin hannunsa, da muka dawo ya sake rubutawa a bangon ɗaki.

Jiya da safe ya tashi, ya dubi bangon, ya ce Allah ya jiƙan Lailatu. Yau ma haka. Dorcas ta ce babban ci gaba ne, na kuma yi godiya ga Allah.

Amma ke kaɗai zan faɗa wa wannan, Yaya. Duk safiyar da yake tambayata yaushe za ta zo, sai in ji kamar tana can ɗakin kwanansu tana karatu, har inda take zama ina gani. Ashe ba don shi kaɗai nake ƙaryar ba. Yanzu babu mai tambaya. Yau ne 'yata ta rasu a wurina, kuma masu ta'aziyya sun daɗe da watsewa.

Don Allah ki zo.

Ƙanwarki,
Habibatu