A Dawo da Motar da Na Sa Aka Kora

Zuwa ga Alhaji Manaja, ma'ajiyar hatsi da waken suya, Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an shiga kaka lafiya, ni ne Lawali, shugaban 'yan dakonka, mutumin Furfuri. Ƙorafi na kawo, kuma laifinka ɗaya ne: saurarena da ka yi.

Na farko. Kaka uku da suka wuce ka kawo motar ɗaga kaya, mai yatsun ƙarfe biyu a gaba. Ni na tara 'yan dako, muka cire gammonmu muka jibga a kan yatsun nan, alamar mun ajiye aiki. Ni na bugi ƙirji a gaban direbobi na ce bayana ya fi ƙarfen Bature. Har buhu biyu na saɓa lokaci guda, ana ta yi mini kirari, kaina yana kumbura. Washegari ka tura motar zuwa reshenmu na Tsafe. Alhaji, mai ilimi kamarka ya biye wa mutumin da bai taɓa tambayar yadda ake tayar da ita ba?

Na biyu. Ranar Talatar makon jiya, muna sauke waken Kucheri, a buhu na tara bayan nan mai fin ƙarfe ya ce ƙas. A baro aka fitar da ni, ta gaban direbobin nan dai. Wallahi kunya ta fi ciwon zafi. Yau ko ruku'u ba na iyawa.

Na uku. Na ji ka ce wanda ba ya iya ɗaukar buhu, ƙarshen kaka ya nemi wani aikin. Shekara ashirin ina dako, ban iya komai ba sai shi, kuma ina jin tsoro.

Roƙona biyu ne. A dawo da motar daga Tsafe. Sannan a koya mini tuƙa ta, tunda an ce a zaune ake yi, zama kuwa yanzu na ƙware. Idan 'yan dako suka tashi bore, bar ni da su, ni na koya musu.

Gammona ma ba zai sake hawa yatsunta ba. A kansa nake zama in yi salla.

Allah ya ƙara maka lafiyar baya, ya raba ka da shawarar irina.

Wassalam.
Lawali Furfuri